Nauyin Ƙarami

Zuwa ga 'yata Mai Batir,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da aka ce kin haifa ban zo na gani ba. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki tambayar mini gwiwarta. Ni ƙalau nake. Ina ci, ina barci, rana tana fitowa tana faɗuwa.

Wataƙila sai kin tambayi mahaifiyarki ko wane ne wannan. Ni ne Kawu Babba na bakin tafki. Kakarki da mahaifiyarmu 'ya'yan wa da ƙane ne, irin zumuntar da sai an shimfiɗa tabarma kafin a gama warware ta. An ce mini kin zo gaisuwar ƙanena Ƙarami. Na gode. Ban riƙe fuskar kowa ba a kwanakin nan, kada ki ga laifina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun muna samari jirgi ɗaya muke shiga ni da shi. Ni ina tsaye a gaba ina jefa ragar birgi, shi yana zaune a baya da filafili. Tun da ya rasu jirgin yana kife a gaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutum ɗaya kuma ba ya tuƙi yana jefa raga. Samarin wurin nan sun tafi neman aiki, waɗanda suka rage kowa da abokin jirginsa.

'Yata Nas ta zo ta zauna a bakin gadona da takalminta a ƙafa. Ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai a nan ina kallon bango ba. In ruwa ya cika aka koma kamun kifi ban sami yadda zan shiga ba, za ta zo da mota, a sayar da jirgin ga mai ƙanƙara da ke sayen kifinmu, in koma wurinta. Na taɓa ganin ɗakin da ta ware mini. A bene yake, da fanka, tagarsa tana kallon bangon wani gini. Ba shi da laifi.

Direban motar ƙanƙara ne ya ce mini akwai wani ɗan inji mai aiki da batir, ana maƙala shi a bayan jirgi, ba ya ƙara ba ya hayaƙi, kifi ba ya gudunsa. Ya ce a shagon da kike aiki ya gani. Ban ce ina so ba. Ki dai gaya mini ko gaskiya ne, da kuma ko zai tura jirgi irin namu.

Kada ki nemi kirana. Wayar ta Ƙarami ce, tana nan a aljihun rigarsa a rataye, ta daɗe da mutuwa. Ki ba direban amsa, yana biyowa ta ƙofar shagonku.

Ni ne kawunki,
Babba.

*

Zuwa ga Kawu Babba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Jaririya tana fitar da haƙori, ta hana kowa sakat. Gwiwar Mama tana nan yadda ka san ta, sai dai bakinta garau yake, ta ce in gaya maka zumunta a ƙafa take, kuma kai ne kake da ƙafa biyu masu lafiya. Allah ya ƙara haƙuri, ya jiƙan Kawu Ƙarami.

Ban buƙaci tambayar kowa ba. Ai ba zan manta ranar da kuka sa ni a jirgi ina yarinya ba, na yi amai a kan ragarka, kai ka ɗaure fuska, shi kuma ya yi ta dariya har jirgin yana rawa. Ranar na tambayi Mama yadda aka yi mutumin da ya cika ƙofa ake kiransa Ƙarami, kai da iska za ta iya ɗauka ake kiranka Babba.

Direba bai yi ƙarya ba. Injin yana nan, kala uku muke da su, a jingine tsakanin tulin batura da faifan sola. Yanzu haka a kan kwalin ɗaya na ɗora takardar nan, don teburina ya cika da wayoyi da darma. Siffarsa kamar doguwar sanda: a sama akwai mariƙi da kake murɗawa, a ƙasa akwai ɗan mota da farfela da ke shiga ruwa. Ba na gudu ba ne. Tafiyarsa kamar ta mai filafili ce wanda ba ya gajiya.

Maigidan shagonmu zai so ya tura maka babban, mai cin batir biyu. Kada ka yarda ko da ya zo da kansa. Jirginku ƙarami ne, mai batir ɗaya ya ishe shi, bayanka ma zai gode maka. Batirin kuma ba na mota ba. Na mota ƙarfinsa na lokaci ɗaya ne, in aka riƙa zuƙarsa a hankali ba ya daɗewa. Irin na sola za mu sa maka.

Abin da ba zan iya zaɓa daga nan ba shi ne tsawon ƙafar injin. In ta yi gajarta farfela za ta sha iska, in ta yi tsawo za ta riƙa kama ciyawa da kututture. Saboda haka ina son awo, kuma don Allah ka yi shi yadda zan faɗa. A sa jirgin a ruwa, da raga da duk kayan aikinka a ciki. Ka tsaya inda kake tsayawa. Sai wani ya auna daga saman katakon baya zuwa fuskar ruwa. A ruwa fa, Kawu. Ka haɗa mini da tsawon jirgin, ka kuma danna katakon bayan da ƙusa ka ji ko ya ruɓe, don shi zai ɗauki injin.

Na yi waya da Yaya Nas. Ta ce ita za ta saya, ta kuma yarda ta dakata da maganar mota, da sharaɗin za ka riƙa sa rigar ruwa mai hana nutsewa. Na ce mata wannan yaƙin nata ne.

Ka ce ba ka ce kana so ba. Na ji. Amma mutum ba ya cika shafi biyu a kan abin da ba ya so.

'Yarka,
Mai Batir.

*

Zuwa ga 'yata Mai Batir,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya raya yarinya, haƙori kowa ya bi ta nan. Ki ce wa mahaifiyarki na ji saƙonta, har yanzu ba ta canja ba. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da safe.

Na jinkirta amsa ba don komai ba. Takardarki tana kan taga, kullum ina ganinta, sai in ce gobe.

An yi awo. Kafinta ya riƙe tef, ni na nuna masa wurin. Daga saman katakon baya zuwa ruwa inci goma sha uku ne. Tsawon jirgi ƙafa goma sha shida. Katakon yana da ƙarfi, sai kusurwar hagu da ƙusa ta ɗan shiga. Kafinta ya ce zai ƙara masa wani a ciki ya ɗaure da noti.

Akwai abin da ba ki faɗa ba. In injin yana baya ni ina gaba, wa zai murɗa shi? Hannuna bai kai ƙafa goma sha shida ba.

Rigar ruwan ta iso, Nas ta aiko. Launinta kamar na masu gyaran titi. Na rataye ta.

Kawunki,
Babba.

*

Zuwa ga Kawu Babba,

Assalamu alaikum, da fatan tarin ya sauka. Ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka daina fita da sanyin safiya ƙirji a buɗe. Mu duk lafiya. Haƙori biyu sun fito, ni ce na fara sanin kaifinsu.

Ga kaya nan direba zai sauke maka: dogon kwalin shi ne injin, mai nauyin shi ne batir a cikin akwatinsa na roba, sai faifan sola da leda mai wayoyi. Da awonka na yi aiki. Na zaɓi ƙafa matsakaiciya, wadda za ta sa farfela ta nutse kamar taƙi ɗaya da rabi. Na bar doguwar saboda ciyawar bakin tafkinku.

Tambayarka ta hana ni cin abincin rana, amma na samo hanya. Na fitar da makunni a doguwar waya, za ta bi gefen jirgi ta kai har gaba. Kafin ka tashi sai ka murɗa mariƙin zuwa lamba biyu ka bar shi, daga gaba ka riƙa kunnawa da kashewa. Juyawa kuma igiya biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, daga mariƙin zuwa wani ɗan katako da kafinta zai kafa maka a ƙarƙashin ƙafa. Ka taka dama ya yi dama. Na zana masa a bayan kwalin. Maigidan shago ya leƙa zanen ya ce wannan ba inji ba ne, masaƙa ce.

Wajen ɗaurawa, ka zaunar da shi a tsakiyar katakon baya, ka murɗa sukurorin nan biyu da hannu har su kama. Kada kafinta ya sa musu sifana, zai fasa su. Bayan haka ka ɗaure injin da wata igiya a jikin jirgi. Wani ya taɓa dawo mana da mariƙin kawai, injin yana ƙasan ruwa. Jar waya a kan alamar ƙari, baƙa a ɗaya gefen, ka shafa musu ɗan giris. Ƙaramin abin da ke jikin jar wayar fiyus ne. In ya ƙone ka sa wani daga ledar, kada wani mai dabara ya haɗa maka da zaren waya, haka ake ƙona jirgi a tsakiyar ruwa. Batir ya zauna a baya, a ɗaure, kada ya riƙa yawo.

A jikin ƙafar akwai zobe mai sukuru, da shi ake ɗaga ta ko a sauke ta. In za ka fito gaɓa ka kwantar da ƙafar tukuna. In zare ya naɗe farfela, ka cire wayar batir kafin ka sa yatsa. Kullum ka dawo ka sa caji, ko da ɗan zagaye ka yi. Batir kamar jariri yake, ba a barinsa ya kwana da yunwa.

Na san na cika surutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, jirginka ne. In ka gwada ka rubuto mini ko da layi biyu ne.

'Yarka,
Mai Batir.

*

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kaya sun iso babu abin da ya fashe.

Kafinta ya ɗaura komai yadda kika zana. Masunta sun taya ni muka birkice jirgin muka tura shi ruwa. Ina baya a tsaye na kunna, ya yi tafiya shiru kamar yadda kika ce. Sai na taka zuwa gaba, wurin aikina. Kafin in kai na ji ƙara ta canja. Na waiga, farfela rabi a ruwa rabi a waje, tana watsa kumfa. Jirgin ya riƙa juyawa a wuri ɗaya.

Na sauke zoben har ƙarshe. Haka dai.

Mutane suna gaɓa suna kallo. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi.

Na kwance injin na kai ɗaki, yana jingine a bayan ƙofa. Ba laifin kayanki ba ne. Kada ki damu kanki, dama ban sa rai ba.

Babba.

*

Zuwa ga Kawu Babba,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu ƙalau, sai dai ni takardarka ta tsaya mini a rai. Ka ce kada in damu, to na damu. Tun da na fara aikin nan ban taɓa aika wa mutum ƙafar da ta gaza ba. Na sake lissafin a takarda, na sake a bango, har na ɗauko irin injin na auna shi da tef a gaban masu sayen kwan fitila. Da inci goma sha uku babu yadda za a yi farfela ta leƙo.

Sai na roƙi direba ya nemo mini kafinta a waya. Na tambaye shi wa ya riƙe jirgin lokacin da yake awo a ruwa. Ya ce wane ruwa? Ya ce jirgin yana kife a gaɓa, kai ka ɗora yatsa a kan koren layin gansakuka da ke jikinsa, ka ce nan ruwa yake tsayawa, ka fi kowa sani.

Kawu, ka fi kowa sani, amma layin nan na mutum biyu ne. Ruwa ya zana shi ne lokacin da Kawu Ƙarami yana zaune a baya yana danne jirgin. Yanzu kai kana gaba, baya babu kowa sai batir, dole gindin ya tashi sama. Rashin sani ya fi dare duhu, da na gano sai da na buga tebur.

Doguwar ƙafa ba za ta gyara ba. Ko farfela ta kai ruwa, hancin jirgin zai ci gaba da nutsewa, iska kaɗan za ta zuba maka ruwa a ciki. Gyaran mai sauƙi ne, kuma ba sai an sayi komai ba. A mayar da nauyin da ya tashi. Kawu Ƙarami kilo nawa ne? In ba ka sani ba ka kintata. Ka cire nauyin batir, sauran ka cika buhu biyu da yashi, ka ɗaure bakinsu, ka ajiye a kan mazauninsa. Jirgin zai koma kan layinsa kamar ba abin da ya faru.

Ina jiran labari mai daɗi.

'Yarka,
Mai Batir.

*

Mai Batir,

Na ga takardarki. Lafiya lau.

Ban taɓa ɗora ƙanena a sikeli ba. Waɗanda suka ɗauke shi zuwa makwancinsa sun fi ni sanin nauyinsa, ki sa direba ya nemo miki su a waya.

Lissafinki daidai ne. Na gode da wahala.

Babba.

*

Zuwa ga Kawu Babba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Wannan ce ta uku da na ba direba tun bayan taka. Ya ce yana miƙa maka, kana karɓa, kana ɗorawa a taga. Ban sani ba ko kana buɗewa. Jaririya ta fara rarrafe. Mama tana gaishe ka.

Na karanta wa Mama abin da na rubuta maka. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, “Ke da kika sha karatu, buhun yashi kika ce a ajiye a wurin ɗan'uwansa?” Sai a lokacin na ji maganar da kunnen mutum. Ni murnar gano matsala ce ta ɗebe ni, na manta ba da batir nake magana ba. Har na rubuta wai kamar ba abin da ya faru. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Na ji kunya, kuma na yi baƙin ciki. Ka yafe mini.

Yanzu na kuma gane abin da ya hana ka sa jirgin a ruwa ranar awo. Ni ce ban tambaya ba.

Jiya Yaya Nas ta kira ni. Ta ce ruwa ya cika, jirage sun koma su, naka ne kaɗai a gaɓa. Ta ce mai ƙanƙara ya zo ya ƙwanƙwasa katakon ya zagaya shi, kai kana zaune kana kallonsa. Ta riga ta yi magana da mai mota, ƙarshen watan nan. Ba da mugunta take yi ba. Ta ce ta gwammace ka kalli bango a inda za ta riƙa jin tarinka.

Ba zan sake ba ka dabara ba. In kana so a dawo da injin, direba ya ɗauko, ni zan ji da maigidan shago. Abu ɗaya kawai ya rage da ban faɗa ba tun farko, kuma hakkinka ne ka sani. Yawancin masu sayen injin nan ba birgi suke jefawa ba. A kusa da shi suke zama, mariƙi a hannu, su saki fatsa a baya suna janta a hankali. Don haka aka ƙera shi. Ban kawo maganar ba saboda na san gaba ne wurinka, shi ya sa na yi ta ƙulle-ƙullen igiya.

Ko ba za ka amsa ba, ka sa direba ya ce mini ya gan ka a tsaye.

'Yarka,
Mai Batir.

*

Zuwa ga 'yata Mai Batir,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da maigidanki da mai rarrafe. Ki kawar da wayoyinki daga ƙasa. Ki ce wa mahaifiyarki ta sassauta miki. Tari ya tafi. Takardunki duk na karanta, a jere, rana ɗaya.

Babu abin yafewa. Ban yi fushi ba, da na yi ma da na ji daɗi. Tun da aka binne Ƙarami ban ji komai ba, ko fushi ko yunwa. Mutane suna ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne, kamar dai ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Buhun yashin ma sai da na cika shi. Ana gobe Nas za ta zo, na ɗebi yashi na ja shi zuwa bakin jirgi. Na tsaya a kansa har inuwa ta juya, sai na kwance bakin na zazzage.

Da safe na ɗauko injin na ɗaura, da hannu, ba sifana. Na kwance igiyoyinki biyu na naɗe, ki yi haƙuri da masaƙarki. Na sa rigar masu gyaran titi. Na tura jirgin, na shiga ta gaba yadda na saba, na bi ta kan raga na wuce baya. Na zauna.

Ban taɓa zama a wurin ba. Ko da wasa. Katakon ya lotsa ya yi santsi, ya ɗauki siffar Ƙarami, ni kuwa na zauna a tsakiya da sauran wuri dama da hagu. Na leƙa, farfela ta nutse. Na murɗa, muka tafi. Na saki fatsa a baya.

Na wuce ciyawa, na wuce kututturan nan, na fita fili. Sai na ga jirgin yana tafiya miƙe kawai, hannuna yana kan mariƙi bai juya ba. Na lura idona yana kan hancin jirgi, ina jira. Na daɗe kafin in gane abin da nake jira. Daga wannan mazauni ba a ganin ruwan gaba sosai. Abin da ake gani shi ne bayan wanda yake tsaye.

Tun muna samari ban taɓa ce wa ƙanena dama ko hagu ba. Ni a zatona jirgin ne yake zuwa inda kifi yake. Ashe kafaɗata yake karantawa. In na karkata ya karkata, in na ɗaga gwiwar hannu ya tsayar, in na gaji ya juya gida kafin in sani. Ni ruwa nake kallo, shi ni yake kallo. Na nemi fuskarsa a cikin jirgi a raina ban samu ba, don ban cika waiwaye ba. Shi kuwa ya san bayana fiye da yadda na san tafin hannuna, kuma bai taɓa faɗa ba.

Na kashe injin. Wurin ya yi tsit. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai shi, da ƙarfi, irin na yara, babu kowa sai tsuntsaye. Ina kewar ƙanena, 'yata. Yau na iya rubutawa.

Ina cikin haka fatsa ta ja. Tarwaɗa ce, ba ta kai a nuna wa mutane ba. Na cire ta, na kunna, na juya da kaina.

Da na doso gaɓa motar tana tsaye, Nas tana bakin ruwa da takalmin asibiti a cikin laka, mai ƙanƙara yana bayanta. Na kwantar da ƙafar injin kafin in taɓa ƙasa, kamar yadda kika ce. Ta dubi rigar, ta dubi idona. Ta ce, “Baba, a nan ka zauna?” Na ce a nan. Sai ta ce, “To ragar fa?” Na ce raga ta yi ritaya. Mai ƙanƙara ya ce yana da uzuri, ya tafi. Ita kuma ta share mini ɗaki, ta sa wayar Ƙarami a caji, ta ce za ta sake duba lamarina bayan damina. Motar ta koma da ita da tarwaɗa a leda.

Ban iya fatsa ba, masunta sun fara yi mini dariya, alhamdu lillahi. Ki aiko mini da fiyus, na ƙona ɗaya wajen haɗa waya a juye.

Na duba jikin jirgin jiya ina ciki. Ruwa bai kai koren layin ba, da saura kamar yatsu uku. Nauyina bai kai nasa ba, ko da batir. In iska ta taso farfela takan ɗan leƙo ta yi gurnani, sai in matsa baya in zauna sosai, ta koma.

Ni ne kawunki,
Babba.